Ƙwayar Zarra a Rumbun Baba

A shekarar da aka fara shari'a a Zamfara, kalmar zarra ta cika bakin mutanen ƙauyenmu, Banga. Kowane mai wa'azi sai ya ce ko ƙwayar zarra mutum ya ɗauka, zai gan ta gobe kiyama. A wannan shekarar ce kuma geron rumbunmu ya fara raguwa ba a san dalili ba.

Baba ya daina fara'a. Idonsa ya tsaya a kan Bello, makiyayin da ke bayan gidanmu, wanda ciwo ya kashe masa shanu. Har Baba ya fara zancen zuwa wurin alƙali a garin Ƙaura, alhali kowa ya san abin da sata ke iya jawo wa hannun mutum a lokacin. Ko gaisuwar matar Bello muka koma amsawa ciki-ciki.

Wata ranar sanyi bayan magariba muna jin wuta a ɗakin kakata, Inna Tumba, na tambaye ta mece ce zarra.

"Tsohuwar magana ce, ɗiyata," in ji ta. "Wasu su ce ɗan jan kiyashi. Wasu su ce abin nan da ka yawo cikin hasken rana in ya keto tsagar ƙofa. Duk abin da ya fi ƙarfin awo don ƙanƙanta, shi ne." Sai ta ɗaga murya, don ta san Baba na zaune bayan zana. "To ga ta nan ta iso, ku buɗe kunne."

Wai wani manomi ne hatsinsa ke raguwa. Ya zargi ɗansa, ya kore shi. Ya zargi matarsa, ya sake ta. Ya kwana gadi da sanda, bai ga kowa ba. Da damina ta kayar da rumbun, sai ga layin kiyashi a gindinsa, kowane da ƙwayarsa a ka. Ya zauna yana kiran sunayen mutanensa, babu mai amsawa.

"Kiyashi ya ci hatsi," in ji Inna. "Amma wa ya ci gidan?"

Muka ji Baba ya yi gyaran murya, ya tashi. Bai je Ƙaura ba. Sai dai bai yarda ba. Ya tone gindin rumbu, bai samu kiyashi ko ɗaya ba. Shekaru suka shuɗe yana yi wa Bello kallon gefen ido.

Na daɗe ina ɗaukar gatanar nan ta Inna wa'azi ce kawai a kan zato. Sai ranar da Inna ta rasu, matar Bello ta faɗi a tsakar gidanmu tana kukan da ya fi na 'ya'yan da Inna ta haifa, tana cewa, "Ita ta rufa mana asiri shekarar yunwarmu."

Na dubi Baba, shi ma ya dube ni. Babu wanda ya tambaye ta da wane hatsi.