Malam Sama'ilu, Mai Kai Turanci Gaban Hajja Kaka

Ƙarfe shida da rabi na safe Malam Sama'ilu yake turo babur ɗinsa daga zaure, ya ɗaure jakar littattafai a baya, ya kama hanyar Roni. Daga baya aka mai da shi Gwiwa. Hanya ta canja, lokacin fita bai canja ba. Turanci yake koyarwa a sakandare, kuma wannan shi ne aikin da gwamnati ta san shi da shi. Shi ne ya ajiye a watan jiya bayan shekara talatin da biyar, aka miƙa masa takardar yabo da agogon bango, aka sha lemo, aka watse. Ni ba don wannan aikin na ɗauki alƙalami ba. Akwai wani da ba ya cikin fayil ɗinsa.

Bayan sallar la'asar, in ka bi ta ƙofar gidansa a Kazaure, za ka tarar da takalma jere a bakin zaure. Masu su duk sun gama jami'a. So suke su wuce digiri na biyu a ƙasar waje, sai wata jarrabawar Turanci ta tare musu hanya. Jarrabawa ce ta kalmomin da Bature da kansa sai ya shekara bai furta su ba, da dogayen rubuce-rubuce da ake so mutum ya karanta cikin 'yan mintuna, ya faɗi abin da marubucin yake nufi, har da wanda ya ƙi fitowa fili ya faɗa.

Kowa ya san maganinta, wai. A haddace kalmomi dubu uku, a kuma haramta wa baki Hausa. Ni ma na yarda da wannan shekara da shekaru. Ba yarda kawai na yi ba, na cuci mutum a kanta, kuma mutumin shi ne Malam Sama'ilu. Bara kuma dole ta sa na ɗauki jikata na kai masa, don ba ta da sauran dama sai guda ɗaya.

Amma bari in fara da yadda yake aikinsa.

Ba ya ba kowa jerin kalmomi. In kalma mai wuya ta fito, sai ya fayyace ma'anarta, sannan ya ce, "To, wa ka sani a garin nan mai wannan halin?" Nan da nan zaure ya kaure. Kalmar da ke nufin mai ƙyashin magana, Maikasuwa mai shagon bakin tasha aka ba wa. Wadda ke nufin mai kuri babu aiki, har rigima aka yi a kanta, don masu cancanta sun yi yawa. Yakubu, wani likitan dabbobi daga Babura da ya je ya dawo, ya ce min ranar jarrabawa yana zaune gaban kwamfuta sai ya ga kamar rabin kasuwar Kazaure ta biyo shi ɗakin. Har yau in ya shiga shagon Maikasuwa sai ya danne dariya.

Karatun rubutu kuwa, ba Malam ne alƙali ba. Mahaifiyarsa ce, Hajja Kaka, wadda iyayenta suka zo da ita daga Barno tana ƙarama. Ta haura tamanin, ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba. Tana zaune a kan tabarmarta daga bakin ƙofar cikin gida, tana ɓarar gyaɗa. Ɗalibi zai karanta rubutu, ya kife takardar, ya je ya durƙusa ya ba ta labarin abin da ya karanta da Hausa. In ta gane, ya gane. In ba ta gane ba, ya koma.

Tambayoyinta ba su da yawa, amma ba sa kuskure. "Shi da bakinsa ya faɗa, ko cewa ya yi an ce?" "Yabon nan da yake yi, da gaske ne, ko yana yi yana taɓe baki?" "To, a ƙarshe ɓangaren wa ya bi?" Masu digiri mai daraja ta ɗaya sun yi gumi a gaban tabarmar nan. Abin da Malam ya lura da shi tuntuni shi ne, tambayoyin da masu jarrabawa ke yi a can, su ne waɗanda tsohuwa ke yi wa duk wanda ya kawo mata labari daga kasuwa.

Yanzu sai in faɗi nawa.

A shekarar 1997 ina cikin masu duba makarantu. Na je Roni, na shiga ajinsa ba sallama mai tsawo, na zauna a baya da littafina. Yana saurayi a lokacin, siriri, alli duk a hannun rigarsa. Na tarar ya sa yara bibbiyu, kowa yana fassara wa ɗan'uwansa abin da ya karanta, da Hausa, a darasin Turanci. Ajin yana ta hayaniya, yara suna gardama a kan labarin kamar a kan ƙwallo. Yau na san wannan hayaniyar ita ce karatu. A ranar kuwa raina ne ya ɓaci. Mu an raine mu a makarantar da in Hausa ta kuɓuce maka a baki sai ka kwana da zane, mun kuma fito mun iya Turanci, sai muka ɗauka zanen ne ya koya mana. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ina sauran 'yan ajinmu suka maƙale ba.

Na rubuta cewa malamin ba shi da ƙwarewar harshen da yake koyarwa, shi ya sa yake fakewa da Hausa. Layi uku ne. Na sa hannu, na koma gida na ci tuwo.

Abin da ban sani ba, a wannan shekarar ya rubuta waccan jarrabawar shi kaɗai, da ƙamus ɗaya da tsofaffin jaridu, ya ci, har wata jami'a ta ba shi gurbi. Hutun ƙaro karatu kawai yake jira. Takardar neman hutunsa da rahotona suka haɗu a tebur ɗaya. Aka ce wanda bai iya Turanci ba ina za shi. Gurbin ya wuce, wa'adin sakamakon ya ƙare, mahaifinsa ya rasu, gida ya dawo kansa. Sai bayan shekaru na ji labarin a bakin wata abokiyar aiki, na kuma yi shiru, don shiru ya fi sauƙi.

Sai ga Sadiyya, 'yar ɗana. Ta karanta harkar ruwa da noman rani, an ba ta gurbi a waje da sharaɗin ta kai wani maki a waccan jarrabawar kafin wata uku. Sau biyu tana rubutawa tana faɗuwa. Ta haddace kalmomi har tana iya jero su kamar karatun allo, amma in aka ba ta rubutu sai ta tsaya tana kallon sa. Na gwada koya mata da kaina, muka ƙare da faɗa. Duk wanda na tambaya suna ɗaya yake faɗa min. Kwana huɗu ina juya abin, a na biyar na yafa mayafi na ce ta taso.

Da ya gan ni ya miƙe, ya ba ni kujerarsa. "Hajiya, ranki ya daɗe, ke ce da kanki?" Na dubi fuskarsa ina neman wani abu, ban samu ba. Ya saurari bayani, ya miƙa wa Sadiyya takarda, rubutu ne a kan gardamar masana game da dalilin da ya sa mutanen wani tsohon birni suka watse. Ta karanta, ta je gaban Hajja Kaka tana yatsina.

"Wai fari ne ya kore su," in ji ta.

"Wa ya ce?"

"Marubucin mana, Hajja."

"Shi ya gani?"

"A'a, cewa ya yi masana sun daɗe suna faɗa."

"Sun daɗe suna faɗa." Hajja ta hure ɓawon gyaɗa daga tafinta. "Ke 'yar boko, in mutum ya ce miki an daɗe ana faɗa, ai shirin ƙaryatawa yake yi. Koma ki duba ƙasa, za ki ga inda ya juya musu baya."

Ta koma. Yana nan, a sakin layi na uku. A hanyar gida, da muka kusa, ta ce min, "Kaka, tsohuwar nan ta fi ni iya karatu." Na ce ta fi mu.

Wata biyu tana zuwa. Ta rubuta a karo na uku, ta haura makin da kaɗan. Yanzu haka tana can.

Ranar da sakamako ya fito na koma gidan ni kaɗai, da hantsi, ranar Asabar. Na shirya magana mai tsawo, amma da na zauna sai na ce kawai, "Malam, rahoton Roni, ni na rubuta shi."

"Na sani, Hajiya. Shugaban makaranta ya nuna min tun a satin."

"Ka sani, ka karɓi Sadiyya?"

"To ita ta rubuta?"

Daga bakin ƙofa Hajja Kaka ta ɗago kai. "Wannan ce matar?" Ya ce ita ce. Ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Na zaci za ta fi haka tsawo." Ta ci gaba da ɓararta.

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tuntuni, tafiyar Allah bai rubuta ba, kuma waɗanda suka je ta zauren nan sun kai arba'in, ya ga duniyar a bakinsu. Na fara jin sanyi a raina. Sai ya sunkuyar da kai.

"Abu ɗaya ne bai bar ni ba, Hajiya. Bayan rahoton nan tsoro na ji. Na ce wataƙila ku manya kun fi ni sani. Shekara shida na kulle bakina, in shiga aji in zuba Turanci, yara su gyaɗa kai, in fita. Wanda ya yi Hausa in sa shi ya durƙusa. Ni da kaina. Sai da wani ya zo nan neman taimako a kan jarrabawar nan, Hajja ta tsoma baki, sannan na dawo hayyacina. Yanzu ina haɗuwa da 'yan waɗannan shekarun. Kwanaki a tashar Roni wani mai faci ya gaishe ni, ya ce, Malam ba ka gane ni ba, ni ne daƙiƙin nan na aji uku. Ba sana'arsa ce ta dame ni ba, ya fi ni rufin asiri. Sunan da ya kira kansa ne. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, Hajiya. Na san shi tun yana aji ɗaya."

Na yi musu sallama, na tafi.

Malam na Hajja, kai ne ka raka mutane bakin jirgi shekara da shekaru, ƙafarka ba ta taɓa taka matakalarsa ba. Kai ne aka ce ba ka iya ba, ka koyar da jikar wadda ta faɗi haka, ba ka rage mata ko kalma ɗaya ba. Na gode. Allah Ya saka maka, Ya ƙara wa Hajja lafiya.

Ku malamai matasa, zauren yana nan buɗe, ku je ku zauna ku ga yadda ake yi tun masu shi suna da ƙarfi. Ku masu riƙe da biro mai ja a ofisoshi, kafin ku rubuta wa mutum layi uku, ku tsaya ku tambayi yaran me suka gane.

Ku kuma da kuka zauna a ajinsa a Roni daga 1997 zuwa 2003, ban san sunayenku ba, ban kuma san ko wannan rubutu zai iso gare ku ba. In ya iso, ku ji daga bakin wadda ta jawo: kanku lafiya lau yake. Malaminku ya san hanyar da zai bi da ku, ni na tare ta.