Littafin Fada da Reza

Na haura arba'in kafin na riƙe fensir, kuma wani Fada na Katolika ne ya danƙa min shi. Bature ne, ya tsufa a ƙauyenmu. Da safe ya koyar da yara, da la'asar mu zawarawa mu zauna a bencinsu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Ni Musulma ce, bai taɓa cewa in sake addini ba. Wannan kam na ba shi.

Aikinsa na biyu tarihi ne. Ya ɗauki rikoda ya bi tsofaffi, ya kwashe abin da ke bakinsu, ya tace, ya buga. Uwata Bamagujiya ce, ta san wanda ya sari dajinmu, da yunwar da ta watsa mutane, da inda aka binne kowa. Damina guda yana zama a rumfarta tana zuba masa. Da littafin ya fito na bi shi da yatsa ina haɗa baƙi. Ga mai gari da sunansa, ga katikis, malamin cocinsu, da sunansa, har mai gyaran keken Fada an gode masa. Uwata kuwa, ko'ina sai "wata tsohuwa ta ce."

Na same shi. "Fada, tsohuwar nan daga sama ta faɗo ne, ba a raɗa mata suna ba?"

Ya ce mazanmu ba sa son a ambaci matansu a takarda.

"Wane mijin ka tambaya? Nata ya daɗe a ƙasa."

Ya yi dariya, ya ce sai bugu na gaba. Ta mutu, ba a sake bugawa ba.

Bayan haka wani likita ɗan garinmu ya kai ni Riyad renon 'ya'yansa, a unguwar Al-Ud. Shi ma a bencin Fada ya koyi karatu. Littafin na ƙasan akwatina, don babu inda muryar uwata ta rage sai cikinsa. Wata Juma'a da hantsi Hajiya, matarsa, ta tarar da ni ina karantawa. Idonta ya faɗa kan bango: Fada cikin farar rigarsa, gicciye a wuya.

"Inna, kashe mu za ki yi? Wannan mamnu'u ne, an hana shi a ƙasar nan."

Likita ya zo, ko taɓa littafin bai yi ba. "Matar kafil, Balaraben da ya tsaya mana, na shigowa gidan nan. In ta gani, iƙamarmu, takardar zamanmu, ta tafi. Bola, Inna, yau."

"Shi ya koya maka rubuta sunan magani, Likita."

"Ba shi ke ciyar da ni yanzu ba. Kalas, magana ta ƙare."

Na ce a ba ni reza. A gabansu na zauna na yanke bangon, na yanke shafin da ke da sunan Fada da tambarin mishan. Wanda ya iya cire sunan mutum ai ya san ana cirewa. Hajiya ta tattara guntayen da tsintsiya ta ba mai kwasar shara. Ni kuma na sayo biro a kasuwar Dira, duk inda aka sa "wata tsohuwa" na soke, na rubuta sunan uwata a sama da karkataccen rubutun da shi ya koya min.

An jima a haka, sai wani malamin asibiti ɗan garinmu ya dawo daga hutun gida da labarin Fada ya rasu, an binne shi bayan ajinmu. Likita ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakina yana murza hularsa.

"Inna, hoton nan... ko kin ɓoye? In gan shi sau ɗaya."

Na miƙa masa littafin, tsirara ba bango. Ya juya shi gaba da baya.

"Ba ya nan," na ce. "Ka tambayi bolar Al-Ud. Amma uwata na ciki, in kana son gaishe ta."