Murhun da Na Tarar a Gidana

Har yau ranar da na dawo daga Birnin Lalle na tarar da sabon murhu a tsakar gidana ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara.

Lokacin ina animater a wani furoje, wato shirin tsimin itace, a nan Dakoro. Animater shi ne wanda ake turawa ya tara mata ya koya musu gina murhun laka, mai tare wuta kada iska ta kwashe ta, don itace ya yi auki. Sama da mu akwai shef, Madam Rakiya, ita ke raba mana wuraren aiki. A bayana kuma akwai Sanusi, wanda da hannuna na koya masa kwaɓa laka.

Aikin yana da ƙa'ida. Ana haɗa laka da kashin jaki da ƙaiƙayin gero, a rufe har ta ruɓe. Sai a dasa duwatsu uku, a ɗora tukunyar gidan, a gina bango kewaye da ita, a bar tazarar yatsa biyu. Ƙofar itace a gaba ake yanke ta, daidai tsakiya. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Na sha juya moto, wato babur ɗina, a kan hanya in koma ƙauye, don kawai zuciyata ta ce wata ƙofa ta yi faɗi.

Matata Hajara ta daɗe tana roƙona in gina mata nata. Ban ƙi ba. Lakar unguwarmu yashi ya yi mata yawa, ni kuwa ban so a ce murhun gidan Malam Idi ya tsage. Ina jiran laka mai kyau damina ta shigo, ina jiran kaka aka tura ni Birnin Lalle.

Da na dawo, ga murhu yana ci da wuta. Ƙofarsa ta karkace gefe, ga wani tudu an manna masa a gindi. An goge bakinsa da bayan ludayi, kuma a duk furojen mutum ɗaya ke yin haka.

Na ce, "Hajara, Sanusi ya shigo gidan nan?"

Ta ce, "Haba Malam, me zai shigo yi? Matan unguwa ya tara a gidan mai unguwa, na je na koya. Ni na gina abina."

"Kina da mai koyarwa a ɗaki, ki tafi wurin wanda na koya wa?"

"Mai koyarwar ɗakin laka yake jira," in ji ta, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Da ta ce Sanusi ne ya gina da ya fi mini sauƙi, sai in ce ya yi shisshigi. Amma ita ta gina, da salonsa, kuma maƙwabta suna shigowa kallo suna cewa, "Ashe irin na Sanusi ne."

Washegari na tafi buro, ofishinmu ke nan, na sami Madam. Na ce mata Sanusi yana koyar da abin da ba ya cikin ƙa'ida, kuma ina da shaida a gidana. Na ƙara da cewa zan rushe shi in gina na daidai, kada baƙin furoje su gani su zaci aikina ne. Allah ya sani, maganar ƙa'idar gaskiya ce. Sai dai ba ita kaɗai ta kai ni buron ba.

Madam ta ce, "Kada ka taɓa shi, Malam Idi, sai na gani."

Da yamma ta zo da Sanusi. Ya gaishe ni yana sunkuyar da kai, ya ce, "Yaya, wallahi ban san matarka ce ba sai daga baya." Na durƙusa na nuna wa Madam ƙofar, na sa yatsuna a tazarar. Tazarar daidai take, abin da ya ƙara ɓata mini rai.

Madam ta ce, "Hajara, me ya sa ƙofar ta koma gefe?"

Hajara ta ce, "Madam, ni bahaguwa ce. Sanusi ya ce kowacce ta zauna yadda take zama in za ta tuƙa tuwo, ta duba inda wuta ba za ta lashi zanenta ba, nan za ta yanke. Wannan tudun kuma ƙafata nake tokarawa."

Madam ta sa ta hura wuta ta ɗora ruwa. Ina tsaye ina fatan hayaƙi ya turnuƙe. Bai turnuƙe ba. Da 'yan ƙirare ruwan ya tafasa.

Madam ta yi dariya ta ce, "Murhun nan ba mai rushe shi. In kana so, gina naka a gefensa, mai gidan girki ta zaɓa."

Na gina. Har Kornaka na je na ɗauko laka a buhu, na auna komai sau ba adadi, ya bushe a inuwa ba tsaga ko ɗaya. Ban taɓa yin murhu mai kyansa ba. Hajara ta yaba, ta dafa mini shayi a kansa sau ɗaya, ta koma nata.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mu awo muke kawowa, amma mace ce za ta zauna gaban wutar kullum. Ku tambaye ta yadda take zama kafin ku ɗauki wuƙa. Na yarda da wannan, ina kuma koyar da shi. Abin da ban iya ba har yau shi ne jin an kira shi tsarin Sanusi ban ji wani abu ya tsaya mini a ƙirji ba.

Murhuna yana nan a tsakar gida, ƙofarsa daidai tsakiya. Kazar Hajara ce ke ƙwai a ciki, kuma an hana ni korarta.