Wanda Bai Zo Dubiya Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Kazaure, ni da ɗan sandan da aka haɗa ni da shi, a gaban wata motar katako mai zuwa kasuwar Babura. Ni malamin kotu ne, aikin da alƙali ya ba ni kuwa bai wuce tambaya ɗaya ba. Wata biyu da suka shige wasu direbobi biyu suka yi tsere a wannan hanya, ɗayansu ya kwashe wani tela, Malam Sabo, mutumin ƙasar Gwiwa da ya zo sayen yadi, ya niƙe masa ƙafar dama. Da aka zo gaban shari'a sai direban ya ce ai telan da bakinsa ya ce ya yafe. In haka ne, maganar diyya ta mutu. Shi ne aka ce in je in ga wurin, sannan in ji daga bakin mai ƙafar abin da ya yafe.

Kuɗin mota kwabo talatin ne. Wata tsohuwa ta ce ita sule uku ta sani, aka daɗe ana musu a kan abu ɗaya. Direbanmu kuwa, ganin kaki a gefensa, sai ya yi ta tafiya kamar mai rakiyar amarya, har na baya suka fara buga katako suna cewa kasuwa za ta watse. An yanke gero, karan yana kwance a gonaki, mata na tsince gyaɗa.

Wurin da abin ya faru wata kwana ce kafin a shiga Babura, ga wani gawo da motar ta ɓare masa gefe. Mai sayar da rake a gindinsa ya ce a gabansa aka yi. Direbobin na rige-rigen lodi ne, na gaba ya ƙi ba da hanya, na baya ya ƙi haƙura, sai ga wata mota daga gaba. Ko da yake an kwana biyu da mayar da tuƙi hannun dama, hannun direban na baya sai ya koma hagu inda ya saba, nan kuwa tela yake tsaye da ƙullin yadinsa. Na rubuta, mai raken ya dangwala hannu. Muka sha fura a kasuwa cikin fataken tsallaken iyaka da ke lissafi da kuɗin sefa, muka koma Kazaure muka kwana.

Washegari muka bi ta Roni, don abokin tafiyata yana da sammacin da zai ajiye. Hanyar duwatsu ce da kwazazzabai da damina ta bari, duk wanda ya ci abinci kafin ya hau mota zai yi da na sani. Daga can muka samu wata ƙaramar mota ta sauke mu a bakin ƙauyen Malam Sabo, rana ta yi tsaka.

Mun same shi a zaure kan tabarma, ƙafar a ɗaure da karan ɗori, ta kankance. A lungu ga keken ɗinkinsa an rufe da tsohon zane, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashin matakin. Keken na ƙafa ne, ƙafar da ke taka shi kuma ita ce ta tafi. Ya ce masu kaya duk sun zo sun karɓi yadinsu. Gidan mutum bakwai ne, kuma ba shi da gona sai ta bayan gida.

Bayan gaisuwa da dambu na tambaye shi ko gaskiya ne ya yafe.

"Na yafe, Malam," in ji shi. "Yaron nan ya zo asibiti shi da mahaifinsa, ya durƙusa yana kuka. Dattijo kamar ubana ya cire hula a gabana. Me zan ce?"

Na ce masa in na rubuta haka, babu abin da zai samu. Ya kalli keken, ya kalli ƙasa, ya ce magana ta riga ta fita, shi ba ya lashe ta, kuma ba zai sa a sayar da gidan tsoho saboda ƙafarsa ba. Gaskiya raina ya ɓaci, amma ba aikina ba ne in sa wa mutum magana a baki. Na buɗe alƙalami. Sai ɗan sandan, wanda tun safe bai ce komai ba sai neman goro, ya ce ai ba tsohon ne zai biya ba, motar tana da inshora.

"Wane ne Inshora?" in ji Malam Sabo. "Ɗan wane gari ne?"

Na yi ƙoƙarin bayani cewa masu mota suna zuba masa kuɗi duk shekara, don in motar ta yi ɓarna shi ya ɗauki nauyi. Ya tambaya ko shi Inshoran ya ji labarin abin da ya faru, na ce tun ranar aka sanar da shi. Ya yi lissafi da yatsu.

"Wata biyu ina kwance. Mai rake ya zo, fasinjoji sun zo, har matar direban ta aiko da kunu. Shi wannan ko sannu bai aiko ba. Rubuta, Malam. Yaron na yafe masa duniya da lahira. Inshora kuwa bai zo dubiya ba, ban yafe masa ba."

Haka na rubuta, ban ƙara ban rage ba, ya dangwala. Muka samu motar gyaɗa muka dawo Kazaure ana kiran magariba.

Alƙali ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau ya goge. Direban dai yafiya ba ta hana shi ɗauri ba, don tuƙin ganganci laifi ne ga hukuma, an kuma karɓe lasisinsa. Maganar diyya ta ci gaba, an aika wa masu inshorar takarda. Na yi shekaru ina rubuta "na yafe" a littafin kotu in wuce, ban taɓa tambayar mai faɗa wa ya yafe wa ba, kuma ban san ƙafa nawa ta tafi a haka ba. Jiya Malam Sabo ya aiko a tambaye ni nawa ake sayar da keken ɗinki na hannu a Kano.