Muryar Kabo a Layi Takwas

Duk wanda ya san bakin kasuwar Batsari ya san shagon Badamasi mai gyaran rediyo, kuma ya san ba a shiga da wargi. Mutumin Darini ne, ɗan gidan malamai, amma karatu bai zauna masa ba kamar yadda waya da batir suka zauna. Ga shi da murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ko kiran salla ya yi, sai an yi masa tsiya har mako. Shi ya sa da ya samu wata tsohuwar na'urar ɗaukar sauti mai layi takwas daga Katsina, mutane suka ce to, Allah ya haɗa shi da sana'ar da zai yi shiru wasu su yi waƙa.

A na'urar nan kowace murya da layinta. Ganga daban, mai waƙa daban, 'yan amshi daban, in an gama a haɗa. Badamasi ya riƙe wannan ƙa'ida tamkar farilla, kuma kowa ya bi ta, ban da mutum ɗaya: Kabo, taubashinsa, makaɗin noma na Darini.

"Ni ba ni waƙa ni kaɗai kamar maye," in ji Kabo ranar da ya zo. Ya ture abin sawa a kunne, ya tara 'yan amshinsa da mai ganga a ɗaki guda, kamar yadda suke tsayawa a bakin gona ranar gayya.

"Za ka ɓata mini aiki, ɗan ƙauye! Muryarka za ta shiga kowane layi."

"To ta shiga mana. Wa ta kashe?"

Haka aka ɗauka, Badamasi yana tsaki. Waƙar kuwa ta manoma ce, tana ce musu su fita gona ko da mutanen daji sun hana, tana kiran shugaban 'yan bindigar ɓeran rumbu. Ba a kai ga haɗa ta ba aka tare Kabo a hanyar Ruma aka harbe shi. Badamasi ya yi kuka a gaban mutane bai ji kunya ba. Ranar kasuwa ta farko bayan sadakar bakwai, baƙin ciki ya ci shi, ya fito da lasifika ƙofar shago ya saki waƙar sau ɗaya. Sau ɗayan nan ya isa ta kai daji.

Gero ya nuna, ana shirin yanka, sai ga Barau da hantsi. Barau manomi ne a Ruma, shi ake ɗora wa kai saƙo tsakanin gari da daji, ba don yana so ba.

"Malam Badamasi, ni ɗan aike ne. Sun ce a goge muryar Kabo a gabana, ka kuma rantse babu ta a wani wuri. In ba haka ba, ko zangarniya ɗaya ba za a cire a Darini ba."

Babu ta a wani wuri, gaskiya ce. Kabo ya hana a fitar da ita sai an kammala. Badamasi ya dubi na'urar, ya tuna gonar gyatumarsa Inno da ta matar Kabo, duk suna cikin abin da ake magana. Ya ja kujera.

"Zauna ka gani da idonka, kada ka je ka ƙara gishiri."

Ya zaɓi layi na ɗaya, na Kabo. Na'urar ta tambaya ko ya tabbata, ya danna. Ya kunna sauran. Ganga ta tashi, 'yan amshi suka karɓa, sai ga Kabo can ƙasa-ƙasa a bayansu yana ba da baiti.

Barau ya zabura. "Ai ga shi nan!"

"Ina ji. Na gaya masa haka za a yi, bai ji ba."

Ya goge na biyu. Kabo yana nan. Ya goge na uku, na huɗu, har layin ganga, kowanne da muryar mutumin nan a maƙale. Badamasi yana dannawa yana dariya, hawaye na zuba a gemunsa. Da ya rage layi ɗaya, ya saurara har ƙarshe, har wurin da Kabo ya yi tari ya ce a ba shi ruwa. Sannan ya goge. Ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse, Barau ya hau babur ya tafi.

Badamasi ya koma gyaran rediyonsa. Ya jira aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka kwaso su Batsari da Safana inda hannun kowa ba ya kaiwa. Ranar da amalanken ƙarshe ya shigo, ya aika aka kira masa 'yan amshin Kabo da mai gangarsa.

"Wa zai ba da waƙar?" in ji Almustapha, babbansu.

"Ni."

Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Da wannan muryar, Malam?"

"Da ita. An ce a goge ta Kabo, na goge, na rantse, ban yi ƙarya ba. Ba wanda ya rantsar da ni a kan tawa."

Almustapha ya miƙa hannu zai ɗauki abin sawa a kunne, don ya san ƙa'idar shagon. Badamasi ya fizge ya jefa cikin kwali.

"Ku matso nan kusa da ni, ɗaki guda, kamar yadda ya yi. Wanda ke jin tsoro ga ƙofa nan."

Ba wanda ya fita. Badamasi ya danna jan maɓalli, fitilu takwas suka kama, ya buɗe wannan mummunar murya tasa ya ɗauko baitin ɓeran rumbu tun daga farko.