Ranar da Na Ƙi Shiga Wurin Innata

Ni tsoho ne yanzu, jikana ke rubuta mini wannan, amma a lokacin da nake ba ku labari yaro ne ni a Illela, ban balaga ba, ban kuma yarda a ce mini yaro ba. Zamanin ne Turawa suka kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni, nan na Ingilishi, can na Faransa. Manya sai an tsayar da su a tambaye su, mu yara kuwa ba mai kallonmu. Mahaifina bafatake ne, yana kai goro arewa bisa jakai, ya komo da kanwa da gishiri. Ya rabu da innata tun ina ƙarami, ta yi wani aure a Ƙonni, gidan kulle.

Duk ranar kasuwa nakan tsallaka in je wurinta. Kun san al'ada, yaron da bai balaga ba shi kaɗai ke ratsa zaure ya shige cikin gidan wani ba a ce masa kai. Ni ɗan fari ne, don haka inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kunya ta hana. Sai dai ta ce wancan yaron ya matso. Amma tana zaunar da ni bisa tabarma, ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta cire mini ƙaya, ta shafa man shanu a faso, sannan ta tura mini ƙwaryar fura tana kallon wani wuri kamar ba ita ta dama ba. Wallahi ban san daɗin da nake ciki ba.

Abin ya lalace ne shekarar da na yi tsawo farat ɗaya. Baffana ya ɗinka mini wando da 'yar shara, na sa hula na karkata ta. Babu abin da nake so irin in bi ayarin mahaifina zuwa kudu sayen goro. Masu korar jakansa kuwa suka sa ni gaba da ba'a. Sukan ce mi za a yi da wanda har yanzu mata ke shafa wa mai a ƙafa, wai in ɗaga hammata su gani ko gashi ya tsiro. In na ɗaga su kwashe da dariya. Wani daga cikinsu ya ce namijin da ya isa tafiya a zaure yake tsayawa, ba ya shiga cikin gidan mutane. Shi wasa yake yi, ni kuwa maganar ta zauna mini daram.

Ana gobe ayari zai tashi, mahaifina ya yarda in bi su, ya ce in je in yi wa innata sallama. Na isa da hantsi, na tarar da mijinta da baƙi a zaure. Na ƙanƙance ido, na kumbura murya na yi sallama, na nemi wuri na zauna cikin manya. Mijinta mutumin kirki ne. Ya yi murmushi ya ce in shiga mana, ai tun safe take tambaya ko na zo. Na ce a'a, ni na wuce shiga. Ya ce haba ɗana, muryarka ma ba ta fashe ba, ka shiga tun ana barinka. Baƙi suka yi dariya, dariyar nan ta ƙara mini taurin kai.

Ta aiko wata yarinya ta kira ni, na ƙi. Ta aiko da fura, na ce na ƙoshi, alhali yunwa nake ji. Can sai na ji motsi bayan asabarin da ke ƙofar ciki. Ba ta iya fitowa saboda baƙi, ƙafafunta kawai nake gani ta ƙasa, da lalle ya fara koɗewa. Ta daɗe a tsaye. Sannan, a hankali, ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Kowa a zauren ya san abin da ta karya. Zuciyata ta ce tashi, amma idon mutane ya danne ni. Na ce a faɗa mata ina gaisuwa, sai na dawo. Na tashi na fita ina taƙama da wandona.

Tafiyar ta ɗauke mu har bayan damina. Da na komo na tsallaka Ƙonni, na tarar da gidan kango. Maƙwabta suka ce Faransawa sun matsa da ɗibar mutane aikin dole, mai gidan ya kwashe iyalinsa ya yi nisa, ba wanda ya san inda suka nufa. Daga baya, shekarar babbar yunwa, wani bafatake ya kawo mana labarin rasuwarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, muryar tawa ba ta fashe ba sai bayan haka. Ashe duk tsawon lokacin nan ƙofar a buɗe take gare ni, ni na rufe ta.

Na yi nadama, kuma har yau ina jin haushin masu jakan nan, Allah ya gafarta musu da ni. Yaron da ke bakin balaga kamar ɗanyen tulu yake, duk inda ka danna nan zai bushe. Ku manya, ku daina yi masa ba'ar da za ta sa ya ji kunyar uwarsa. Ku kuma yara, girma ba ya ɓata hanya, zai zo ko ba ku kira shi ba. Ni na shekara da yawa, an kira ni Malam, an kira ni Baba, an kira ni Kaka. Sunana kuwa sau ɗaya innata ta kira shi a duniya, ban amsa ba.