Kwarin Igiya a Bakin Rijiya

Jiya na saki gugan gidanmu cikin rijiya, har yanzu kunnena na zafi saboda murɗar da inna ta yi masa. Laifin itacen bakin rijiyar ne. Na tsaya kallon kwarin da igiya ta ci a jikinsa, sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Bara mushe, wato malaminmu, ya ba mu waƙar Faransanci mu hardace, kumandan mai mulkin yankinmu zai zo lakwal, makarantarmu, ya saurara, wanda ya kasa kuma ya sha bulala. Ni kuwa kaina rariya ne, ko raƙumi aka saka ciki sai ya zurare. Na bi ta rijiya ina kuka, na iske kakata tana jan ruwa.

"Maigida, kawo yatsa," in ji ta. Ta sa shi cikin kwarin, ga santsi ga sanyi. "Wa ya sassaƙa wanga?"

"Masassaƙi."

"Wawan miji, igiya ce, ja bayan ja. Kanka ma haka yake. Inda magana ta yawaita bi, nan take yin hanya."

Daga ranar, kowane jan guga da baitinsa. Har ita ta hardace, tana rera wa awaki.

Ranar kumandan na tsira da bayana. Ita kuwa da damina ta rasu, bayan ta manta sunana, amma waƙar na bakinta har ƙarshe. Allah ya sanyaya makwancinta kamar ruwan rijiyar nan.